Taƙi Uku

Ni Valdemiro, kafinta ne a ƙauyen Ceará,
bayan kasuwa, daura da mai sayar da taba.
In kuna son lissafin lafiyar garin nan
ku bar likita ya huta, ku zo shagona,
yana nan cikin littafin odar katako.

Da can, in fari ya daɗe, rijiya ta koma laka,
nakan fara yanka tun ba wanda ya zo.
Taƙi uku tsawo, taƙi guda faɗi,
shuɗin fenti, ƙusa takwas ta isa.
Uba kan saƙale shi a hammata kamar burodi,
ba ya neman mai kama masa.
Ƙararrawar coci ba ta daɗewa kan irin waɗannan,
bugu biyu, fada ya koma kan abincinsa.

Akwai Maris ɗin da na yi goma sha tara.
Na sha ɗayan ban rubuta kuɗinsa ba.
Iracilda. Kwana tamanin. Gudawa.
Asibiti na can birni, mota sai da kuɗi,
mai sayen akuyarmu bai gama tayi ba
Zuleide ta leƙo ƙofa, ta ce in bar cinikin.

Sai ga Jucilene, 'yar mai gyaran keke,
da laima baƙa, da sikeli cikin jaka,
gida gida, rana na dukan ƙeyarta,
tana rataye jarirai kamar mai awon rogo.
Mun yi dariya har da riƙe ciki.
Ta ce a tafasa ruwa, gishiri ɗan tsunkule,
sukari cikin tafi, a ba shi ko yana ƙi.
Ta kawo kati, ta kawo ranar allura.
Na ce nawa ne? Ta ce an biya.
Na ce wa ya biya?
Ta ce kai mana, duk ran da ka sayi ƙusa.

Ban lura da ranar da abin ya juya ba.
Wata safiya dai na ɗauko gwangwanin shuɗi
zan shafa wa ƙofar kaji,
na tarar ya daskare, sai da kurfi na buɗe.
Na zauna kan benci, ban yi aiki ba ran nan.

Kada ku ce na ce an gama.
Zuleide yana ta rufe mata ido,
lambarta ɗari huɗu da goma sha biyu,
wata goma sha huɗu ke nan muna jira.
Jiya ma gishiri ta zuba mini a kofi,
na shanye, ban ce mata komai ba.
Likita sai Talata, shi ma in gada ta yarda.
Maganin hawan jini yau akwai, gobe babu.

Surukina Genivaldo, in ya sha ya ƙoshi,
cewa yake famfo ne ya yi aikin,
famfo da karatun 'yan mata,
asibitin kyauta kuwa rijiya ce marar gindi,
rabin kuɗin na kwana a aljihun manya.
Ba na musu da shi, wataƙila da gaskiyarsa.
Ni katako na sani, shi ba ya ƙarya:
manya nake yi yanzu, taƙi takwas, taƙi tara,
na masu furfura, sai mutum shida a ɗaga.
Sauran kwanaki kujeru, da tebur na makaranta.

Shekaranjiya yaron shagona, Edivan,
ya ciro tsohon ma'aunin daga bango,
ya karkaɗe ƙura, ya juya shi, ya ce,
wannan na mene ne, na akwatin kayan aiki?
Na ce i, na kayan aiki ne.
Mayar da shi, miƙo mini zarto.